Tarihin Hidimar Yara da Matasa a Ikilisiyoyin Arewacin Nijeriya

Hidimar yara da matasa ita ce aikin da ikilisiya take keɓewa domin koyar da waɗanda ba su kai shekarun girma ba da kuma tarbiyyarsu. A Arewacin Nijeriya wannan aiki ya girmi yawancin ikilisiyoyin da suke riƙe da shi a yau. A garuruwa da dama, tun kafin a gina majami'a, tun kafin a naɗa fasto ɗan ƙasa ko a zaɓi dattawa, abin da aka fara gani shi ne rumfar ciyawa da yara a ƙarƙashinta suna bin baƙaƙe da yatsa. Makarantar Lahadi, da Birged ta maza da ta mata, da zumuntar matasa, da ƙungiyoyin ɗalibai duk daga baya suka samu sunaye da tsari, kuma biyu daga cikinsu asalinsu na ƙetare ne.

Makarantar Lahadi ta yi suna ne daga garin Gloucester na Ingila a shekarar 1780, ta hannun Robert Raikes, mai gidan jaridar garin. A wancan zamani 'ya'yan talakawa suna wuni a masana'antu kwana shida a mako, ba su da makaranta, ranar Lahadi kuwa sai yawo a titi. Raikes ya ɗauki wasu mata yana biyansu domin su tara yaran a gidajensu su koya musu karatu, littafin karatun kuma shi ne Littafi Mai Tsarki. Ba shi ne mutum na farko da ya gwada haka ba, amma shi ne mai jarida, kuma da ya buga labarin a 1783 sai abin ya bazu. Zuwa 1831 yaran da suke zuwa irin waɗannan makarantu a Birtaniya sun haura miliyan ɗaya. Abin lura a nan shi ne, makarantar Lahadi ta farko makarantar yaƙi da jahilci ce. Sai bayan da gwamnati ta shiga harkar ilimin firamare da dokar 1870 ta koma wurin koyar da addini zalla. Kusan irin wannan sauyi ne ya faru a Nijeriya bayan shekara ɗari.

Birged kuwa ta fito ne daga damuwar wani malamin makarantar Lahadi a Gilasgo ta ƙasar Sikotilan, William Alexander Smith. Ya lura cewa yara maza da zarar sun fara tasawa sai su gagari aji, daga nan su daina zuwa. Da yake shi hafsa ne a rundunar sa-kai, ya san cewa ɗaruruwan manya suna bin umarninsa a filin fareti ba gardama, sai ya yi tunanin haɗa fareti da nazarin Littafi Mai Tsarki. A ranar 4 ga Oktoba 1883 ya kafa Boys' Brigade, alamarta anka, wato ƙarfen da ake jefawa a ruwa domin tsayar da jirgi, takenta kuma an ɗauko shi daga Ibraniyawa 6:19. Ta 'yan mata ta fara a Dublin a 1893, aka samu wasu masu kama da ita a Sikotilan a 1900 da Ingila a 1902, sannan ukun suka haɗe a tsakiyar shekarun 1960 da sunan Girls' Brigade. Birged ta maza ta iso Legas a 1908, daga baya ta hauro Arewa tare da 'yan mishan da ma'aikatan da suka biyo hanyar jirgin ƙasa.

Shigar 'yan mishan Arewa ta zo daidai da cin ƙasar da Turawa suka yi. Mishan ɗin SIM ya gwada shigowa a 1893 bai yi nasara ba, biyu daga cikin mutane ukun farko suka mutu, sai a 1902 aka kafa tasha a Patigi. Tawagar mishan ɗin CMS ƙarƙashin Bishop Tugwell ta isa Kano a 1900, Sarki Alu ya sallame ta. Karl Kumm na mishan ɗin SUM ya sauka a Wase a 1904. Lugard, shugaban mulkin Turawa a Arewa, ya riga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, saboda haka gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita shigar mishan cikin masarautun Musulmi. Wannan ne ya karkata aikin zuwa Filato da kudancin Zariya da ƙasar Tangale da kwarin Binuwai da Adamawa: Panyam da Langtang a 1907, Kwoi a 1910, Numan a 1913 ta hannun Niels Brønnum ɗan ƙasar Denmak, Kaltungo a 1917, Garkida a 1923. Katolika kuma suka kafa tasharsu a Shendam a 1907.

A kusan duk waɗannan wurare manya ba su yi saurin karɓar saƙon baƙi ba. Dattijo yana da tsafin gidansu, yana da matansa, yana da matsayinsa a dangi, kuma sabon addini yana neman ya taɓa dukansu. Yaro ba shi da abin da zai rasa irin haka. Shi ya sa masu bi na farko a tashoshi da yawa yaran gidan Bature ne: masu ɗebo ruwa, masu dafa abinci, masu kiwon doki, waɗanda suka koyi karatu da yamma bayan aiki. Wani lokaci idan aka matsa wa mai gari ya ba da yara domin makaranta, sai ya tura maraya ko ɗan da ba a damu da shi ba, ya ɓoye nasa. Da yawa cikin waɗanda aka tura ta wannan hanya su ne suka dawo malamai da masu bishara, har suka zama masu faɗa a ji a garuruwan da suka yar da su.

Babban aikin farko da aka tsara musamman domin yara shi ne gidan 'yantattun bayi. Dokar 1901 ta hana kasuwar bayi, ta kuma ce duk yaron da aka haifa daga Afrilun wannan shekara ɗa ne. Sojoji da jami'ai suna ƙwace yara daga hannun fatake a hanya, da yawansu ƙanana ne ƙwarai har ba su san sunan garinsu ba. Gwamnati ta tara su a wani gida a Zungeru. A 1909 aka miƙa yaran ga SUM, wanda ya buɗe musu gida a Rumasha a bakin kogin Binuwai, aka sa masa sunan Lucy, matar Kumm da ta rasu a 1906. An koya musu karatu da noma da sassaƙa da ɗinki da aikin gida, tare da addu'ar safe da yamma. Daga baya aka mayar da gidan Wukari, aka rufe shi a 1925 bayan kwararar bayi ta ƙafe. Gidan ya ceci rayuka, wannan ba abin musu ba ne. Amma burin Kumm na cewa waɗannan yara za su zama rundunar masu bishara zuwa ƙabilunsu bai cika yadda ya zata ba, domin yaron da ya tashi ba harshen iyayensa, ba dangi, ba gonar gado, da wuya ya koma ya zama ɗan gari a inda aka sato shi. Darasin da mishan ya ɗauka shi ne, gara a koyar da yaro yana cikin mutanensa.

A ƙasar Hausa kanta, wuri ɗaya ne ya yi fice. Likita Walter Miller na CMS ya samu izinin zama cikin birnin Zariya a 1905, ya buɗe makarantar yara maza a gidansa. Makarantar ta samu ƙarfi wajen 1913 da zuwan 'ya'yan Isawa, wato zuriyar mabiyan wani malamin Kano na ƙarni na 19 da ya ba Annabi Isa matsayi na musamman a koyarwarsa. An kafa musu ƙauye a Gimi, ciwon barci ya watsa shi. A 1929 aka fitar da mishan daga birni zuwa Wusasa. Jama'ar Wusasa ba su taɓa yin yawa ba, amma abin da makarantarsu ta fitar ya fi ƙarfin yawansu: Dokta R. A. B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, da Janar Yakubu Gowon. Miller ne kuma ya jagoranci fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wadda ta fito a 1932.

Fitowar wannan fassara ta sauya aikin yara a duk yankin. Filato kaɗai tana da harsuna da dama, kuma babu mishan ɗin da zai iya buga littattafai a kowannensu. Hausa ta riga ta zama harshen kasuwa da na ma'adinan kuza, sai ta zama harshen aji da na sujada. Yaro Ngas ko Bura ko Bajju yana haddace aya da Hausa, yana rera waƙa daga Littafin Waƙoƙi da Hausa, yana rubuta wa ɗan'uwansa wasiƙa da Hausa. Wannan ya haɗa kan masu bi daga ƙabilun da a da ba sa jin maganar juna, har sunayen ikilisiyoyi suka zama na Hausa, irin su Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya da Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya. Amma an biya farashi, domin a wasu wurare harshen gida ya koma na tsofaffi, yara suka tashi suna ganin ba a yi wa Allah magana da shi.

Abin da ya kai karatu ƙauyuka masu nisa shi ne ajin koyar da addini, wanda aka fi sani da CRI. Gwamnati ta yarda mishan ya buɗe irin wannan aji ba tare da cika sharuɗɗan cikakkiyar makaranta ba, kuma daga shekarun 1930 ya yaɗu sosai. Malamin aji shi ne mai bisharar ƙauyen. Yawanci saurayi ne da ya yi 'yan shekaru a tashar mishan, aka tura shi da matarsa, jama'a suka ba shi gona suka taya shi gina ɗaki. Yana koyar da baƙaƙe da rubutu da ɗan lissafi, da labaran Littafi Mai Tsarki, da tambayoyi da amsoshin ajin baftisma. Lokacin karatu yana bin aikin gida: da sassafe kafin a kora awaki, ko da yamma bayan an dawo daga gona, da damina kuma aji ya yi sauƙi. A wasu ikilisiyoyi ba a yi wa matashi baftisma sai ya iya karanta Bishara da kansa, sharaɗin da ya sa dubban yara suka dage. Idan ana neman wanda ya fi cancantar yabo a tarihin wannan hidima, to wannan malami ne da matarsa, waɗanda akasari ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba. Matar ce ke tara 'yan mata, ita ce ke lallashin uwaye su bar 'ya'yansu su zo, kuma daga irin waɗannan mata ne Zumuntar Mata ta samu shugabanninta na farko.

Cikin masarautu ƙofar da ta buɗe ita ce ta jinya. Daga 1937 hukumomin En'e suka miƙa wa mishan kula da sansanonin kutare, irin su Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato, da Molai a Barno. Akwai yara cikin majinyata, akwai kuma 'ya'yan majinyata, aka yi musu azuzuwa. Batun koyar da addinin Kirista ga yaran Musulmi da ba su balaga ba ya jawo ƙorafi daga sarakuna, gwamnati ta sa ƙa'idoji a kai, kuma ya daɗe yana ta da jijiyar wuya. A Jamhuriyar Nijar ta yau, inda SIM ya sauka a Damagaram a 1924, makarantar Tsibiri kusa da Maraɗi ta yi irin rawar da Wusasa ta taka, a ƙaramin ma'auni.

Da ajin ƙauye ya fara fitar da yara masu son ƙari, sai aka buƙaci manyan makarantu. SUM ya buɗe cibiyar horar da malamai da masu bishara a Gindiri a 1934. Aka ƙara sakandaren maza a 1950, makarantar yara makafi a 1953, sakandaren 'yan mata a 1958. Mishan ɗin 'Yan'uwa ya gina makarantun Waka kusa da Biu. A irin waɗannan makarantun kwana ne aka fara samun taron matasa Kirista masu ilimin boko daga ƙabilu daban-daban a wuri guda, kuma a daidai wannan lokaci ikilisiyoyi suke karɓar ragamar kansu: ECWA a 1954, tarayyar ikilisiyoyin da suka fito daga SUM a 1955.

Birged ta samu karɓuwa a wannan zamani fiye da yadda mai kafa ta zai yi tsammani. Dalilin a fili yake. A al'adun ƙabilu da yawa na tsakiyar Nijeriya, yaro yana shiga sahun maza ne ta hanyar kaciya da zaman daji tare da tsararrakinsa, inda ake koya masa juriya da sirrin gari. Mishan ya hana 'ya'yan masu bi shiga waɗannan bukukuwa saboda tsafin da ke cikinsu, ya kuma hana rawa da giya. Saurayi Kirista ya rasa inda zai nuna ƙarfinsa da inda zai yi alfahari da sa'o'insa. Birged ta cike wannan gurbi da kaki da hula da ɗamara, da ganga da begila, da muƙamai daga kurtu zuwa saje, da sansanin shekara inda ake kwana a waje ana gasar fareti da ta haddar ayoyi. Kowane kamfani yana ƙarƙashin majami'a ɗaya, da kyaftin da hafsoshi, fasto kuma shi ne limaminsa. Har yau 'yan Birged ne ke tsare ƙofa a babban taro, su ne ke tsara zaman jama'a, su ne ke ɗaukar akwatin gawa da fareti idan dattijon ikilisiya ya rasu. Ta 'yan mata ta haɗa fareti da koyon ɗinki da girki da tsafta da taimakon gaggawa, kuma ta ba 'yan mata damar riƙe muƙami da ba da umarni a bainar jama'a tun lokacin da hakan bai zama ruwan dare ba.

Ɗalibai kuwa sun samu tasu ƙungiya a 1957, lokacin da aka kafa Fellowship of Christian Students a Gindiri, wadda kowa ya sani da FCS. Damuwar da ta haife ta ita ce yaran da suke shiga makarantun gwamnati, inda babu fasto babu ɗan mishan. Tsarinta mai sauƙi ne: ɗalibai suna zaɓen shugabanninsu, su suke jan addu'a da nazari, wani malami Kirista yana zama uban ƙungiya, sakataren yawo kuma yana zagayawa lokaci-lokaci. FCS ba ta wata ɗarika ba ce, saboda haka ɗan ECWA da ɗan Angilika da ɗan Baptis suka saba zama a benci ɗaya. A Kudu ƙungiyar Scripture Union ce ke wannan aiki, a manyan makarantu kuma aka kafa ƙungiyar NIFES a 1968. Fastoci da shugabannin ikilisiya da yawa na yau a taron FCS suka fara tsayawa gaban jama'a. A gefe guda, shirin Sabon Rai Don Kowa, wanda Gerald Swank na SIM ya assasa a farkon shekarun 1960, ya fitar da matasan ƙauye biyu-biyu zuwa wa'azi, ya kuma buɗe wa kayan kiɗan gargajiya ƙofar majami'a. Sunan ya zauna, har yanzu ana kiran masu wannan waƙa 'yan Sabon Rai.

Babban sauyi ya zo bayan yaƙin basasa. A shekarun 1970 gwamnatocin jihohi suka karɓe yawancin makarantun mishan, aka sauya wa wasu suna: St. Paul ta Wusasa ta zama Kwalejin Kufena, St. John ta Kaduna ta zama Kwalejin Rimi, Queen of Apostles ta zama Kwalejin Sarauniya Amina. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya kawo makarantar gwamnati ƙauyuka, ajin CRI ya rasa dalilin zamansa. Ikilisiya, wadda a da take tare da yaro kwana shida ko bakwai a mako, ta koma tana ganinsa awa ɗaya ko biyu ranar Lahadi. Daga nan ne ɗariku suka ƙarfafa sassan ilimin Kirista a hedikwatocinsu, suka shiga buga littattafan darasi na shekara da Hausa da Turanci, suka tsara zumuntar matasa tun daga majami'a har zuwa gunduma da ƙasa baki ɗaya. Baptis suna da Royal Ambassadors domin yara maza da Girls' Auxiliary domin mata. Katolika suna da katikisim na shirin karɓar Jibin Ubangiji da ƙungiyar matasa ta CYON. Sababbin ikilisiyoyin Fentikos da suka cika birane daga shekarun 1980 sun zo da majami'ar yara daban, da jita da amsa-kuwwa da Turanci, suka ja matasa da yawa, abin da ya tilasta wa tsofaffin ɗariku buɗe sujadar Turanci kusa da ta Hausa.

Rikice-rikicen addini ma sun shafi wannan hidima kai tsaye. Tarzomar Maris 1987 ta tashi ne daga Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, a kan saɓani game da wa'azin da aka yi a wani taron ɗalibai Kirista, ta bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, aka yi asarar rayuka da wuraren ibada. Tun daga lokacin shugabannin matasa na addinan biyu suka gane cewa abin da aka faɗa a harabar makaranta yana iya cinye gari. A daren 14 ga Afrilu 2014 aka sace 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, akasarinsu 'ya'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa, kuma a Oktoban wannan shekara mayaƙan Boko Haram suka mamaye hedikwatar ikilisiyar a Kwarhi. A sansanonin gudun hijira na Yola da Jos da Abuja da Minawao ta Kamaru, malaman makarantar Lahadi sun sake komawa aikin farko: tara marayu, ciyar da su, koya musu baƙaƙe, da sauraron abin da idanunsu suka gani.

A majami'a ta yau, ajin yara yakan zauna kafin babbar sujada ko a lokacinta. Ana raba su bisa shekaru idan akwai malamai, a yi waƙa, a ba da labari, a haddace ayar mako, a karɓi baiko, sau ɗaya a shekara kuma a ba su ranar da za su ja sujada gaban iyayensu. Malaman nan kusan duk 'yan sa-kai ne, mafi yawansu mata da samari, kuma da yawa ba su taɓa samun horo ko na mako ɗaya ba. Ba abin mamaki ba ne a ga majami'ar da ta kashe miliyoyi a kan rufi da tayil, yaranta kuwa suna zaune a ƙasa a gindin mangwaro, malami ɗaya da yara fiye da yadda murya za ta kai, littafin darasi ɗaya tak. Ga kuma matsalar harshe da ta dawo da sabuwar fuska: a birni ana koyar da Turancin da ƙananan ba su gama ji ba, a ƙauye ana koyar da Hausar da ba ita ake yi a gida ba. A ƙasar da kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 18 ba, yara da matasa su ne mafi yawan masu shiga majami'a kowace Lahadi, kuma kasonsu a kasafin kuɗi bai yi kusa da yawansu ba. Ya kamata majalisun dattawa su ware wa sashen yara kaso tsayayye, su gina masa ɗakuna, su kuma tura malamansa horo kamar yadda suke tura fastoci.